Yadda Za Ka Sa Mai Sayar Da Gida Ya Cika Sharuɗɗan Yarjejeniya

Ƙarfin mai sayen gida yana cikin takardar da aka sa wa hannu da kuma kuɗin da bai biya ba tukuna. Ranar da ya miƙa cikon kuɗi, rabin ƙarfinsa ya tafi. Don haka duk abin da kake so mai sayarwa ya cika, ka matsa masa kafin wannan rana.

Fara da abin da takarda ta faɗa. A ƙasashe da yawa kotu ba ta karɓar cinikin gida ko fili sai a rubuce. A Ingila wannan ƙa'ida tana nan tun dokar 1677, kuma dokar 1989 ta ce dole dukkan sharuɗɗa su shiga takardar, kowane ɓangare ya sa hannu. Idan da baki mai gida ya ce zai gyara rufi kafin ka tare, da wuya alƙali ya saurare ka. Rubutun ma sai ya fito fili. A faɗi wane sashe na rufin za a gyara, ranar gamawa, wanda zai duba aikin, da abin da zai biyo baya idan ba a yi ba. Kayan da za a bari a gidan, kamar na'urar sanyaya ɗaki, injin ruwa da kabad ɗin kicin, a jera su ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hotonsu, a haɗa da yarjejeniyar. Sau da yawa mutum kan ga sabuwar na'ura ranar duba gida, ranar karɓar makulli kuma ya tarar da rami a bango da wayoyi a tsirara.

Kuɗin kafin alƙalami kada su shiga aljihun mai sayarwa kai tsaye. A ajiye su wurin lauya ko wani amintaccen mai shiga tsakani, da sharaɗin ba za a sake su ba sai ciniki ya kammala. A Ingila yawanci kashi 10 cikin ɗari ne na farashin gida, ka ga ba kuɗin da za a yi wasa da su ba ne.

Idan mai sayarwa ya saɓa, bar kiran waya, ka koma rubutu. Lauyanka ya aika wasiƙa mai ɗauke da lambar sharaɗin da aka karya, abin da ya faru da kwanan wata, abin da kake nema, da wa'adi. A aika ta hanyar da yarjejeniyar ta tanada, a riƙe shaidar isarta. Wa'adin yana da muhimmanci domin a dokokin ƙasashe da dama, makara kaɗai ba ta ba ka ikon fasa ciniki, sai an rubuta cewa ranar ba ta ɗaguwa ko kuma ka ba da sanarwar ƙarshe. A sharuɗɗan da aka saba amfani da su a Ingila, wannan sanarwa tana ba da kwanakin aiki 10, bayan su, idan mai sayarwa bai kammala cinikin ba, mai saye yana iya janyewa ya karɓi kafin alƙalaminsa.

A nan ne masu saye suka fi cutar da kansu. Haushi ya sa mutum ya ƙi biyan cikon kuɗi saboda ba a yi fenti ba, sai a wayi gari shi ne ya karya yarjejeniya, kafin alƙalaminsa ya salwanta. Ƙaramin saɓani yana jawo diyya ne kawai. Kuma mai ba da sanarwar ƙarshe dole ya kasance a shirye da kuɗinsa ko takardar amincewar banki a hannu.

Hanya mafi sauƙi ga gyaran da ba a gama ba ita ce a amince a rubuce a riƙe wani kaso na kuɗin wurin lauya. A samo ƙiyasin ma'aikaci, a riƙe fiye da shi, misali a ƙara rabinsa a kai, domin aikin gini ba kasafai yake tsayawa inda aka ƙiyasta ba. A rubuta ranar da kuɗin za su koma hannunka idan ba a yi aikin ba. A ƙara da cewa alkawarin gyara zai ci gaba da aiki bayan an miƙa takardar mallaka, don a wasu dokokin sharuɗɗan da ba a ambata a cikinta ba suna iya faɗuwa da zarar an kammala. Kwana ɗaya kafin biya, zaga gidan da jerin kayan a hannu, ka buɗe kowane famfo, ka kunna kowace fitila.

Idan kuwa mai gidan ya ƙi sayarwa gaba ɗaya don wani ya taya sama da kai, ka yi sauri. Lauya ya shigar da sanarwar haƙƙinka a ofishin rajistar filaye, ya nemi kotu ta hana sayar da gidan. In wani ya riga ya saya bisa gaskiya bai san da cinikinka ba, ƙwato gidan zai yi wuya ƙwarai. Kotu tana iya umartar mai sayarwa ya kammala cinikin, domin doka tana ɗaukar kowane gida a matsayin abin da ba shi da madadi, amma alƙali yana iya ƙin ba da wannan umarni ga wanda ya yi jinkiri. Ɗaya zaɓin shi ne diyya: bambancin farashin da kuka yi da darajar gidan a kasuwa, da wasu kuɗaɗen da saɓawar ta jawo maka, kamar haya. Tara rasit ɗin kowanne. Kafin shigar da ƙara, duba ko yarjejeniyar ta wajabta zaman sulhu tukuna, domin tsallake shi yana iya sa kotu ta dakatar da ƙarar.