Daga jarrabawar kwamfuta zuwa takardar kama aiki: inda matasanmu suke tuntuɓe

Bankuna da kamfanonin sadarwa da manyan masana'antu ba sa ɗaukar ma'aikaci a zama ɗaya. Za a tace CV, a yi jarrabawa a kwamfuta, a kira ka a waya ko ta Zoom, ka zauna gaban kwamiti, wani lokaci ka gana da shugaban sashen da za ka shiga, sannan gwajin lafiya da binciken takardu. Abin yakan ɗauki makonni, har watanni. Na ga yara masu ƙwazo sun zube a hanya, kuma ba ƙarancin ilimi ya kayar da su ba.

Wasu tun a bakin ƙofa suke faɗuwa. An turo gayyata ta imel, ta faɗa akwatin tarkacen saƙonni, ba su duba ba sai da wa'adi ya wuce. Idan ka nemi aiki, ka riƙa leƙa imel ɗinka kullum, kuma lambar da ka rubuta ta zama tana hannunka, ba hannun yayanka ba.

Jarrabawar kwamfuta kuwa lokaci take aunawa fiye da komai. Lissafi ne da Turanci da tambayoyin kaifin tunani, ba darussan jami'a ba, don haka komawa kan tsofaffin littattafanka ba zai fisshe ka ba. Nemi tambayoyi irin nasu, ka sa agogo a gabanka kana gwadawa. Wadda ta cije, tsallake ta. In daga gida za ka yi, tanadi caji da data, da layi na biyu.

Inda abin ya fi damuna shi ne gaban kwamiti. An rene mu da kunya da kawaici, kuma tarbiyya ce mai kyau: ba ka zuba wa babba ido, ba ka yabon kanka. Amma mutanen da ke bayan teburin nan, in ka sunkuyar da kai kana magana ƙasa-ƙasa, sai su ɗauka ba ka da tabbacin abin da kake faɗa. Ɗago kai, dubi wanda ya yi tambayar, ka buɗe murya. Wannan ba rashin ladabi ba ne a wurinsu. Haka nan kalmar “mun yi”. Ana tambayarka abin da ka yi, kana cewa mun shirya, mun gyara. Kai suke son ɗauka, ba ƙungiyarku ba. Faɗi matsalar da aka shiga, abin da kai ka yi da hannunka, da yadda aka ƙare.

Kuma kada ka raina abin da ka taɓa yi. Yaron da ya shekara uku yana riƙe wa mahaifinsa littafin bashi a Kantin Kwari, yana lallashin kwastoman da ya fusata, sai a tambaye shi gogewa ya ce ba shi da ita. Wadda ta koyar da aji mai cunkoso lokacin bautar ƙasa ma haka take cewa. Ai waɗannan su ne labaran da kwamiti yake jira. In an ce ka gabatar da kanka, bar zancen firamare da garin haihuwa, fara daga abin da ka iya da dalilin da ya kawo ka wannan kamfani.

Ka tuna kowane mataki ana rubuta abin da ka faɗa. Dalilin barin tsohon aikinka da ka bayar a waya, shi za ka maimaita gaban kwamiti, ba tare da zagin tsohon maigidanka ba.

Da an zo maganar albashi, sai kunyar ta dawo: “Duk abin da kuka ba ni.” Bincika tun da wuri abin da ake biya a irin matsayin, ka faɗi adadi. Ka tambaya kuɗin da aka ambata na shekara ne ko na wata, kafin cire-cire ne ko bayansa, domin akwai haraji, kuma dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari, kamfani kashi 10. Tambayi kuma ko kai ma'aikacin kamfanin ne kai tsaye ko ta hannun ɗan kwangila, don bambancin yana da girma wajen ƙarin girma da alawus.

Sai takardu. Muhammad a sakamakon WAEC, Mohammed a NIN, ranar haihuwa daban a takardar bautar ƙasa. Gyaran yana cin lokaci a ofishin NIMC da kotu, saboda haka fara shi tun kafin a kira ka. Rage shekaru kuwa, ko an ɗauke ka, yana iya jawo kora daga baya. Waɗanda ka rubuta za su tsaya maka, sanar da su, kada kira ya zo musu ba shiri.

In kana da wani aiki a hannu, kada ka ajiye shi don an taya ka murna a waya. Jira takarda a rubuce, ka karanta albashi da wurin aiki da tsawon lokacin gwaji, ka sa hannu, sannan ka ba tsohon wurinka sanarwar barin aiki gwargwadon yarjejeniyarku.