Yadda Ake Haɗa Fitilar LED Don Rainon Irin Tumatir da Attaruhu a Cikin Ɗaki

Wanda yake da fili a gida ba ya buƙatar wannan aiki, domin rana ta fi kowace fitila ƙarfi, kuma kyauta ce. Aikin na mazaunin gidan sama ne ko gidan haya da ba shi da tsakar gida, ko mai son ya raini irinsa inda kaji da ruwan sama mai ƙarfi ba za su kai gare shi ba har ya isa dashe. Abin da za a haɗa faranti ne mai ɗauke da igiyar LED, wadda ake sayarwa a naɗe, mita 5 a kowane naɗi, a shagunan kayan wuta irin na Sabon Gari a Kano.

Da farko sai a zaɓi igiyar. A nemi mai aiki da bolt 12, mai ƙwayoyin haske 60 ko 120 a kowace mita, ko ƙwayar lamba 5050 ce ko 2835. A guji masu launuka da ake ƙawata ɗakin biki da su, domin haskensu na ado ne kawai. Ganye ya fi cin moriyar shuɗin haske da ja, shi ya sa wasu fitilun shuka suke ba da launin shunayya, amma farin haske mai alamar 6500K yana ɗauke da shuɗi mai yawa, wanda ke sa tsiro ya yi gajere da kauri, kuma a ƙarƙashinsa mutum yana ganin ainihin launin ganyen idan cuta ta kama shi. A ganina igiya mai farin hasken ta fi dacewa da raino. Mai rufin roba don kare ruwa tana riƙe zafi, kuma robar takan koma rawaya da daɗewa, don haka marar rufi ta fi, muddin za a kula wajen ban ruwa.

Mataki na biyu shi ne lissafin wuta, kuma nan ne aka fi yin asara. A ce za a haskaka tiren rainon iri mai tsawon santimita 50 da faɗin santimita 30. Za a yanka igiyar gida shida, kowane yanki santimita 50, jimla mita 3 ke nan. Igiyar 5050 mai ƙwayoyi 60 tana cin kimanin wat 14.4 a kowace mita, saboda haka mita 3 za su ci wat 43.2, wanda idan aka raba shi da bolt 12 zai ba da amfiya 3.6. Ba a sayen adafta, wato na'urar da ke mayar da wutar soket zuwa bolt 12, daidai da wannan adadi, sai an bar mata sarari na aƙalla kashi 20 cikin 100 don kada ta riƙa aiki a maƙure tana zafi. Mai amfiya 5 ita ce daidai. Wanda ya ɗauko adaftar tsohuwar dikoda mai amfiya 1 ya jona, zai ga hasken yana ƙyaftawa, daga baya adaftar ta ƙone.

Sai faranti. A sami fallen alminiyum a yanke shi daidai girman tiren, a huda kusurwoyinsa huɗu. Alminiyum ne ake so saboda yana janye zafi daga ƙwayoyin, kuma zafi shi ne ke dushe hasken LED tun kwanansa bai ƙare ba. Katako ko kwali ba za su yi wannan aikin ba. A goge fallen sosai har ƙura da maiƙo su fita, in ba haka ba gam ɗin bayan igiyar ba zai kama ba.

Wajen yanka, a duba igiyar da kyau za a ga wani layi mai ɗigon tagulla biyu, sau da yawa da hoton almakashi, bayan kowace ƙwaya uku. A kan wannan layi kaɗai ake yanka, domin idan almakashi ya faɗa tsakani, ƙwayoyin wannan sashe ba za su kama ba. A ɓare takardar baya, a liƙa yankunan a jere da tazarar kimanin santimita 5 a tsakaninsu, kuma a tabbata duk alamun + suna gefe ɗaya. Gam ɗin kan saki idan wuri ya ɗumama, don haka yana da kyau a huda ƙananan ramuka a ɗaure bakin kowane yanki da siririyar igiyar roba.

Haɗin waya yana son natsuwa. Kada a jona yankunan ɗaya a wutsiyar ɗaya, domin wutar tana raguwa a hanya, na ƙarshe ya fito da rauni. Maimakon haka, a shimfiɗa waya ja da baƙa masu kaurin milimita 1 a gefen faranti, a ɗauko wa kowane yanki nasa reshen, ja zuwa +, baƙa zuwa −. A fara ɗiga dalma a kan tagullar da kuma bakin wayar, sannan a haɗa su, ba tare da ƙarfen narka dalmar ya daɗe a wurin ba. A rufe kowane haɗi da tef ɗin wuta don kada ya taɓa alminiyum, a sa fiyus mai amfiya 5 a kan jar waya. Ita adaftar, wadda ke karɓar bolt 230 daga soket, a rataye ta a bango nesa da ruwa, kuma idan irin mai sukurori a buɗe ce, mai aikin wuta ya kamata ya jona ta.

Mai niyyar amfani da batirin sola ya san cewa awa 16 na wannan fitila suna cin kusan wat-awa 690 a jimlace (wat 43.2 sau awa 16), fiye da rabin abin da batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yake ɗauka. Haka kuma batir yakan haura bolt 14 lokacin caji, wanda ya yi wa igiyar yawa, don haka sai an sa ƙaramar na'urar da ke tsayar da wuta a bolt 12 a tsakani.

Daga nan sai a rataye farantin da sarƙa ko igiya, yadda za a riƙa ɗaga shi. Hasken igiyar LED ba ya tafiya da nisa, saboda haka tazarar santimita 10 zuwa 15 daga kan ganye ta isa. A kewaye tiren da farin kwali don hasken da ya bazu ya dawo. A kunna awa 14 zuwa 16 a rana da taima, wato na'urar da ke kunna wuta da kashe ta a kan lokaci, a kashe sauran, domin shuka ma tana buƙatar duhu. Idan tsiro ya zanƙale ya yi siriri yana langaɓewa, haske ya yi masa kaɗan, sai a sauko da fitilar. Idan saman ganye ya koɗe ko ya naɗe, a ɗaga ta kaɗan.

Tumatir yakan isa dashe cikin mako 4 zuwa 6, attaruhu da tattasai kuwa sukan kai 6 zuwa 8. Kada a fitar da su kai tsaye zuwa rana, domin ganyen da ya girma a ɗaki ƙonewa zai yi. A fara ajiye tiren a inuwa na awa ɗaya ko biyu da safe, a riƙa ƙara lokaci da hasken rana a hankali har tsawon mako guda, sannan a dasa da yamma a ba su ruwa nan take.