Ku zana aikinku a takarda, jama'a

Salam 'yan uwa, wata 'yar shawara ce ga masu ƙananan sana'o'i, musamman mu nan Jos. Ni gidan burodi gare ni, a da kullum rigima, oda ta shigo ta WhatsApp wani ya karɓa wani ya manta, kwastoma ya zo da safe babu burodinsa sai ban haƙuri. Sai na tara yarana muka ɗauko takarda muka zana aikin tun daga shigowar oda har kuɗi ya shiga akawun, wa ke yin me, wa ke miƙa wa wa, ina abu ke maƙalewa. Wallahi nan muka gano mutum 3 ke rubuta oda, kowa a nasa littafin! Muka mayar littafi ɗaya, hannu ɗaya.

Manyan kamfanoni ma haka suke yi, akwai ƙa'idar zanen da ake ce wa BPMN, ga kuma ISO 9001, ƙa'idar tabbatar da ingancin aiki, wadda SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, ke ba da satifiket ɗinta. Amma kar ka ruga neman satifiket tukuna, biro ya ishe ka. Duk ƙarshen wata ku duba ku gyara. Tamu tana manne a bangon wajen tanda, fulawa duk ta ɓata ta.