Yadda ake shan maganin Sipro ya yi aiki

Siprofuloksasin, wanda masu kemis ke kira Sipro, yana cikin dangin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake kira fuluorokwinolon, kuma likitoci kan rubuta shi domin taifot, da atini, da ciwon mafitsara. Ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro, ba ya kuma taɓa mura, don haka kada a saye shi don kawai jiki ya yi zafi.

Zaren halittar bakteriya, wato ƙwayar cutar da Sipro ke kashewa, a murɗe yake kamar igiyar rama da aka tufka, kuma kafin ta rabu biyu sai wani sinadari na jikinta ya yanke zaren, ya sassauta murɗar, sannan ya sake ɗaure shi. Sipro yakan riƙe sinadarin nan bayan ya yanka, ya hana shi ɗaurewa, sai zaren ya zauna a tsinke har ƙwayar ta mutu.

Abin da ya fi damuna a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa shi ne yadda ake haɗiyar maganin da fura da nono. Manomi zai dawo daga gona, a miƙo masa ƙwarya, ya jefa ƙwayar a baki ya kora da ita, alhali sinadarin kalsiyam da ke cikin nono yana manne wa maganin a hanji, ya hana wani kaso nasa shiga jini. Haka ma maganin ƙarin jini, da zinki, da farin maganin ƙwannafi suke yi masa. A sha Sipro da ruwa zalla, awa 2 kafin waɗannan abubuwa ko awa 6 bayansu, a kuma yawaita shan ruwa. Babba yawanci akan ba shi miligiram 500 sau biyu a rana, awa 12 tsakani, kuma wajibi ne ya cika kwanakin da aka rubuta masa ko da ya ji sauƙi.

Idan agara ta fara ciwo ko kumburi, a dakata da shan maganin nan take, a bar noma da doguwar tafiya, a koma asibiti, domin jijiyar tana iya tsinkewa, musamman ga wanda ya haura shekara 60 ko yake shan maganin rage kumburi na dekzametazon. Mai juna biyu da ƙananan yara ba sa shansa sai likita ya ga ya zama dole. Fatar mai shansa kuma tana saurin ƙonewa a rana.

Wanda ciwonsa ya ƙi ji, ya nemi a yi masa gwaji a babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A can akan shuka ƙwayar cutar a faranti, a ɗora mata 'yar takarda mai ɗauke da maikirogiram 5 na maganin, a bar ta ta kwana. Idan washegari fili mai faɗi ya kewaye takardar, maganin zai yi aiki. Idan kuwa ƙwayar ta tsiro har gindinta, sai likita ya sauya wani.