Kurakuran da Masu Sabon Koyon Kallon Nebula Suka Fi Yi

Nebula tarin gas ne da ƙura a tsakanin taurari. A cikin wasu ake samun sababbin taurari, wasu kuma ragowar tauraron da ya mutu ne. Kuskuren da ya fi kashe wa mai sabon koyo gwiwa shi ne sa ran ganin ja da shuɗin da ke cikin hotunan Hubble, madubin hangen nesan da ke sararin samaniya. Kyamara takan daɗe tana tara haske kafin hoto ya fito, ido kuwa ba ya tarawa, kuma ƙwayoyinsa masu aiki cikin duhu ba sa bambance launi. Saboda haka Nebular Orion, wato M42, mai nisan da haske ke shafe shekara kusan 1,350 kafin ya iso mana daga gare ta, takan fito ne dushi-dushi, ruwan toka, kamar hayaƙin da ya kewaye taurari huɗu ƙanana. Wanda ya ga haka bai yi asarar kuɗin madubin hangen nesansa ba.

Gaggawa ita ce ta biyu. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma leƙa allon waya sau ɗaya yakan mayar da aikin baya. A rufe bakin tocila da jan kyalle, sannan a daina ƙura wa nebular ido kai tsaye. A kalli ɗan gefenta, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni.

Wasu kuma sukan ɗora wa madubin hangen nesa gilashin da ya fi ƙara girma, alhali hakan yana ƙuntata filin gani, ya dusashe abin da ake nema. Ƙaramin gilashi ake farawa da shi.

Lokaci ma da nasa. Farin wata da fitilun gari suna shafe nebula, don haka a fita wajen gari a daren da wata bai fito ba. Rukunin taurarin Orion, inda M42 take, yana sama da dare daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai da hunturu, sai a jira daren da hazo ya lafa, a nemo nebular kudu da taurari uku da ke jere a tsakiyar rukunin.

A ganina bai kamata a fara da Nebular Kan Doki ba, duk da shahararta a hoto, domin ƙura ce baƙa wadda ko ƙwararru suke shan wahala kafin su gano ta. M42 da Nebular Lagoon, wato M8, sun isa mafari, tun da ko da tabarau mai hangen nesa ana ganinsu.