Yadda za ka feɗe babbar lamba ba tare da kalkuleta ba

Yaran da nake wa lesin da marece nan Argungu, da sun ga lamba ta haura dubu sai su fara laluben waya, kuma abin yana damuna ƙwarai don kowace lamba tana da makama. Mu ɗauki 27,720 mu feɗe ta har wutsiya.

Daga wutsiyar ma za ka fara. Ta ƙare da 0, ke nan cika ce ba mara ba, 2 da 5 da 10 duk suna raba ta. In 8 kake nema duba ukun ƙarshe kawai, 720, wato 8 sau 90. Sai ka tara 2+7+7+2+0, ya ba ka 18, to 3 da 9 sun shiga.

Wadda ke ba yara wuya ita ce 7, ga dabarar da na fi so. Yanke ukun ƙarshe, 720, ka ɗebe abin da ya rage a gaba wato 27, saura 693. Tsakanin 7 da 11 da 13, duk wadda ta raba 693 ta raba uwar lambar, dalili kuwa 7 sau 11 sau 13 shi ne 1001, kowace dubu, ɗaya tak ta rage mata ta cika 1001, ɗaya-ɗayan nan ne 27 ɗin da ka ɗebe. 693 ai 7 sau 99 ne, kuma 11 sau 63, amma 13 ba ta shiga ba.

Yanzu ɗauki biro ka yi ta rabawa da lambobin firam, waɗanda ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu. Da 2: 13,860, 6,930, 3,465. Da 3: 1,155, 385. Da 5 ka samu 77, shi kuma 7 sau 11. Ke nan 2 ta fito sau uku, 3 sau biyu, sauran sau ɗaya-ɗaya. Daga nan ka san ba sukwaya ba ce, wato lambar da ake samu in an ninka wata lamba da kanta, don a sukwaya kowace firam bibbiyu take zuwa.

Lambobi nawa ke raba ta? Kar ka tsaya ƙirga. Ƙara 1 kan kowane adadin fitowa, don kana iya ƙin ɗaukar firam ɗin gaba ɗaya, sai ka ninka 4×3×2×2×2, 96 cif. Duk lambobin da ke ƙasa da ita ba wadda ta kai haka, irinsu ne Ramanujan, masanin lissafi ɗan Indiya, ya yi rubutu a kansu a 1915.

Kuma ita ce mafi ƙanƙanta da 1 har 12 duk ke rabawa. Da masunta za su sayar da kifin naira 27,720 a bakin gulbi, ko su 7 ne ko 11 ko 12 kowa zai tashi da rabonsa daidai, sai in na 13 ya shigo, nan kowa 2,132, naira 4 ta yi saura.