Peugeot 504 wagon ko jip ta zamani: kurakuran da aka fi yi wajen zaɓe

Duk majalisar da aka tayar da zancen mota a Kano, sai ka ji wani ya ce, "Ai motar da ita ce ƙarfe, ta yanzu gwangwani ce." Wannan kuskuren shi ya fi damuna, domin maganar rai ce. Da gangan ake ƙera gaban motar zamani yadda zai lotse idan an yi karo, ya shanye ƙarfin dukan kafin ya kai ga mutanen ciki. Ga jakar iska, ga birkin ABS mai hana taya ƙamewa. Ita kuwa 504 tun 1968 ta fito a Faransa, kafin waɗannan su zama ruwan dare. Mai ɗaukar iyali zuwa Zariya ko Katsina ya sa wannan a gaba. Amma kada ka saki jiki da jip 'yar Beljiyam don kawai ta zamani ce. Murɗa makulli ka kalli fitilar jakar iska: ya kamata ta kama, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. Idan ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwan ne don a ɓoye cewa jakar ta taɓa fashewa.

Wasu kuma sun ɗauka duk doguwar mota tayoyinta huɗu ke ja. Highlander da RAV4 da yawa gaba kaɗai suke ja, kuma ginin ƙaramar mota ne da su, ba irin na Prado ba. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashi, in babu sandar da ke kai ƙarfi tayoyin baya, kada ka biya kuɗin abin da babu. 504 baya take ja, shi ya sa idan aka loda mata buhuna take ƙara kama ƙasa, ta ratsa hanyar ƙauye ba gardama.

Masoya wagon su ma suna da nasu kuskuren. Gaskiya ne kafireta ce da ita, kusan kowane tsohon bakanike zai kwance ta ya ɗaura a gindin bishiya. Kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, saboda haka hannu ya saba da ita. Sai dai an daɗe da daina ƙera ta. Kafin ka biya, shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka tambayi lagireto, shokozoba da gilashin baya, ka ji farashi, ka ga ko sabo ne ko na kwance. Sannan ka ɗaga shimfiɗar ƙafa da ta but ka nemi tsatsa. Inji ana sake shi, amma ruɓaɓɓen gangar jiki sai dai a yi ta faci.

A ɓangaren jip, kada ka bari a cire mata tamosta, wato na'urar da ke daidaita zafin inji, da sunan zafin Kano. Kwamfutarta za ta ɗauka injin bai ɗumama ba, ta riƙa ƙara masa mai, alhali tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowace lita da ciwo ake sayenta. Idan fitilar gargaɗin inji ta kama, a kai motar wurin mai na'urar gwaji kafin a taɓa waya ko ɗaya.

Lambar tafiyar da ke jikin mita ma tana ruɗin mutane. Motar da aka shigo da ita daga Amurka da mil take ƙirga, mil 100,000 kuwa ya haura kilomita 160,000. Kuma ana iya juya lambar baya, don haka dubi yadda sitiyari da robar fedar birki suka cinye.